Kifin Bikin Waliyyi

Radoje ya zare wa ɗan kifin ƙugiya daga baki, ya cilla shi cikin gurbi. Kifin ya kife, ya miƙe da ƙyar, ya nutse.

"Ka gani da idonka, ranka ya daɗe," ya ce da ƙanensa. "Ƙananan sakin su nake yi. Manyan kawai zan kai gida."

Ƙanen, Ljubisav, ya tsuguna a bakin gurbin. Shi ne mai gadin kogi, shi ya kafa allon hana fatsa a bakin gada tun lokacin da fari ya shanye ruwa. Kogin da ke kai wa mutum ƙirji ya koma fararen duwatsu, sai gurbin nan ɗaya inda idon ruwa ke ɓuɓɓugowa. Duk kifin da ya rage a kwarin nan ya taru, baya na gugar baya. Ljubisav ya tsoma hannu, ya ji ɗumi kamar ruwan wankan jariri.

"Yaya, wanda ka saki ma ba zai kwana ba. A zafin nan, kokawar da ya yi da zare ta gama da shi."

"Ji shehin malami! An ba ka hula da babur, ka zama uban kifaye. Gobe bikin waliyyin gidanmu, ya faɗo cikin azumin coci, ba a cin nama sai kifi. Me za mu ajiye wa baƙi? Allonka?"

"A sayo na kiwo a gari."

"Na kiwo! Mai ɗanɗanon kwali? Sai Baba ya taso daga kabari ya tofa mana yawu."

Can gaba maƙwabta na tsaye cikin ruwa da sandunansu, ido a kan zare, kunne a nan. In Ljubisav ya ƙyale yayansa yau, da wane baki zai hana su gobe? Ya fizge sandar fatsar daga hannun Radoje.

"Zan kai ƙararka, Yaya."

"Kai mana, ɗan gwamnati. Ka haɗa da tsohuwarka."

* * *

Washegari Ljubisav ya zo gida da kifin kiwo a leda. Mahaifiyarsu Stamena ta tare ƙofa, ta dubi ledar, ta naɗe hannu cikin gyale.

"Kai wa wanda ya aike ka. Ciki ɗaya kuka fito, ka tozarta shi a gaban ƙauye?"

Ta saman kafaɗarta ya hango tebur: kyandir na ci, ga burodin biki, ga faranti maƙil da soyayyen kifi mai jan ɗigo a baya. Na kogi ne. Jin abin da ya faru, kowane gida ya koma gurbi da sassafe ya kamo musu gudummawa.

"Ka ga masu zumunci," in ji Radoje, yana tsotsar ƙaya.

Aka ɗaga burodin, mazan gida suka kama ana juya shi ana addu'a. Inda hannun Ljubisav ya saba kamawa, wani maƙwabci ne ya kama.

* * *

Ljubisav ya gangara gurbi da ledarsa. Ba motsi. Ƙananan da aka yi ta saki jiya sun taso, ciki fari a sama, sun jeru a gefen duwatsu. Daga kan tudu waƙar biki na saukowa.

Ya cire hula, ya zauna yana kore musu ƙuda.