Garken da Ya Manta Yunwa

Shekara goma sha tara yana kiwon abin da ido ba ya gani, shi ya sa a wurin aiki ake kiransa Makiyayi. Garken nasa ƙwayoyin bakteriya ne da ya tono a ƙasar bayan ɗakin gwaji, tun yana da gashi a ka. Halinsu ne ya tafi da shi. In akwai abinci, tare suke farauta. In yunwa ta zo, dubbai su taru, su hau kan juna, su gina ɗan tudu ruwan ɗorawa kamar kan allura. Yawancinsu a ginin suke mutuwa, kaɗan su dunƙule su zama iri mai jure fari na shekaru.

Ran Litinin Oga ya leƙo, bai ko shigo ba.

"Makiyayi, Juma'a za a kwashe firjin nan. Ɗakin zai koma sito."

"Dabbobin fa, ranka ya daɗe?"

"Kai su kasuwa mana." Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya wuce.

Dabara ɗaya ta rage: ya hana su abinci su yi iri, ya shafa a 'yar takarda ya kai gida. Iri ba ruwansa da firji. Ya zuba su a faranti shida marasa abinci, ya rufe. Kwana uku ya isa.

Da safen Laraba matarsa ta ga yana juya cokali a kofi, shayin ya huce.

"Baban yara, 'ya'yan naka na ofis ba su taru ba?"

"Suna shawara."

"Yaushe rabon da ka bar su da yunwa?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da injin ƙanƙara ya mutu da ƙwayoyin asali a cikinsa, duk Litinin da Alhamis sai ya sauya wa ragowar sabon romon da suke ci. Ko ranar auren 'yarsa sai da ya zame ya je. Cikin wannan daula, masu saurin ci ne suka yi ta haihuwa. Masu iya taruwa kuwa, wa ya neme su?

"Ka sangarta su," in ji ta. "Mu dai ba mu ga wannan gatan ba."

Ran Alhamis ya sa ido a madubin ƙara girma. Ga su nan birjik, kowa na jan ciki ta gabansa. Su yi karo, su rabu, ko sannu babu. Haka abokan aikinsa suka yi ta gifta shi a baranda duk makon nan, shi ma haka ya yi lokacin da aka rufe ɗakin maƙwabcinsa.

Juma'a da hantsi, masu ɗaukar kaya na jan firji, ya hango ɗigo ruwan ɗorawa a faranti na biyar. Ya goge tabarau, ya ɗaga murfin a hankali, sai ɗigon ya taso tare da murfin. Ɓarɓashin fenti ne daga silin.

"Malam, wannan teburin ma da shi?" in ji ɗaya daga cikin masu ɗaukar kayan.

"Ku ba ni minti goma."

Ya ɗauko kwalbar romo ta ƙarshe, ya zuba wa kowane faranti har ya kusa cika. Ci kam sun iya. Sannan ya jera su cikin tukunyar turiri da ake kashe ƙwayoyi da ita, ya ɗaure murfin, ya kunna.