Kunnen Sammani

Baraka ta ɗaga haɓar mijinta da yatsu biyu, ta ɗiga masa magani a idon hagu, sannan ta jawo fatar idon da babban yatsa ta rufe masa, tunda idon ya daina rufuwa da kansa.

"Malam, ka bari sai wani satin mana," in ji ta. "Likita cewa ta yi ka bi a hankali."

"Wata huɗu ina bi a hankali, Baraka. Geron nan in ya ƙara kwana bakwai a tsaye, ko tsuntsu ya cinye, ko mutanen daji su hana mu yanka."

Maganar ta gefe guda na bakinsa take fita. Tun da aka yi masa aiki a Kano ɓarin fuskarsa na hagu ya saki, ko ruwa ya kurɓa sai ya tare da hannu. Baraka ta ɗauko hular sanyin da yake rufe tabon bayan kunnensa da ita, ta sa masa, ta daɗe tana gyara ta.

Duk garin Karare an san Sammani da kunne. A shekarun nan da 'yan bindigar daji suka hana mutane sakat, ba mai zuwa gona shi kaɗai. A rukuni ake tafiya, kuma kowa so yake ya shiga rukunin da Sammani yake ciki. Tun babura suna bayan tsauni yakan ɗaga kai ya ce, "Ga su nan ta yamma, sun fi goma." Sau uku yana fid da mutane daga gona kafin a iso kansu.

Sai kunnen hagu ya soma yi masa ƙara, dare da rana, kamar gyare ya shige ciki. Daga nan jiri ya biyo baya. Yana cikin tafiya sai ya karkace kamar an ture shi. Wasu suka ce iska ce. Wasu kuma, da yake kakansa bai yi salla ba sai da ya tsufa, suka riƙa raɗa cewa Sammani ya koma wa burkutun gidansu. Wannan ta fi ciwon yi masa zafi. Ranar da ya faɗi a sahun sallar Juma'a, ƙanensa Usaini ya ɗauke shi sai asibitin Batsari, daga can aka tura su Katsina, daga Katsina sai Kano, inda aka ɗauki hoton kansa.

"Baba, ƙari ne ya fito maka a jijiyar da ke kai sauti daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa," likitar ta ce, tana nuna masa wani farin abu a hoton, kamar ƙwallon goruba. "Ba ciwon daji ba ne, ka gode wa Allah. Amma in aka bar shi zai danne ƙwaƙwalwa. Za mu cire shi, sai dai kunnen nan ba zai dawo ba."

Shanun huɗarsu biyu suka tafi a aikin. Aka cire ƙarin, Sammani ya rayu, kunnen ya mutu. Ƙarar ce kawai ta ƙi tafiya.

Da hantsi su bakwai suka isa gonar. Gero ya yi tsawo ya fi mutum, ko wanda ke kunya ta uku ba ka hangowa. Sammani ya kama magirbi ya sunkuya, ƙasa ta juya masa, ya dafa gwiwa ya jira ta tsaya. Ya sake gwadawa. Kara ɗaya ya faɗi, na biyu ya faɗi. Kafin ya kai ƙarshen kunyar gumi ya jiƙa masa riga, ƙanshin ɗanyen kara ya cika masa hanci, ya ji wani daɗin da rabonsa da shi tun kafin a kwantar da shi.

"Yaya, ka huta haka nan," in ji Usaini.

"Kai dai yi aikinka."

Malam Jika, dattijon da ke maƙwabtaka da su a gona, ya leƙo ta cikin karan yana dariya. "Yau kam hankalina kwance yake. Kunnenmu ya dawo."

Sammani ya yi murmushi da rabin fuska. Ya ci gaba da yanka.

Rana ta kusa take tsaka sa'ad da ya ji ta. Can ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin kukan gyaren da ke kansa, akwai wata ƙara mai kauri. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. Nan take magirbai suka tsaya.

"Babura," ya ce. "Da yawa."

"Ta ina, Yaya?"

Ya juya kansa dama, ƙarar tana nan. Ya juya hagu, tana nan. Ya yi kewaye guda a inda yake tsaye, ƙarar ta bi shi, kullum a kunnen dama, kamar a cikin hularsa baburan suke. A da, sauti yakan zo masa da hanyarsa, ya san gabas ne ko kudu tun kafin ya yi tunani. Yanzu ba gaba ba baya. Ya dubi mutanen nan shida, duk idonsu a bakinsa.

"Sammani, ta ina?" in ji Malam Jika.

Ya san abin da ya kamata ya faɗa. Kalma uku ce, ban sani ba. Ta zo masa har leɓe ta tsaya. Daji dai a yamma yake, kuma duk zuwan da suka taɓa yi ta can suka ɓullo. Ya ɗaga hannu ya nuna yamma.

Suka zubar da kayan aiki suka yanki gabas, ta cikin gero, suna neman burtalin da ke shiga gari. Sammani bai yi taku ashirin ba ƙasa ta kife da shi. Usaini ya dawo da gudu ya ciccibe shi, ya rataya hannunsa a wuya, suka ci gaba yana jan ƙafa. Ƙarar sai ƙaruwa take yi. Sammani ya ji jikin ƙanensa ya sandare, ya ga ya waiga yamma, ya sake duban gabansu, sannan ya dube shi. Kafin ɗayansu ya yi magana sun faɗo burtalin, su bakwai, daidai lokacin da babur na farko ya karyo kwana ya taka burki a gabansu.

Malam Jika ya zube a ƙasa yana salati.

Katifa ce ɗaure a bayan babur ɗin, da tukwane, da wata tsohuwa rungume da akuya. Na biyu mata biyu ne da jarirai. Haka suka jeru har tara, ba mai bindiga ko ɗaya.

"Lafiya, bayin Allah?" in ji mai babur na gaba, shi ma a tsorace.

"Mu za mu tambaye ku," Usaini ya ce yana haki. "Daga ina?"

"Daga wajen Tsaskiya. Jiya da la'asar mutanen daji suka shigo ƙauyenmu. Mun binne mutum biyar da safen nan, muka ce ba za mu ƙara kwana ba. Batsari muka nufa, ko a makaranta ne a ba mu wuri."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu."

Baburan suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Da ƙurarsu ta lafa sai wani ya fashe da dariya, irin ta wanda ya ga mutuwa ta wuce shi, sauran suka kama. Suka shiga tsokanar Malam Jika da ya bar takalmi ɗaya a gona. A ruɗewar ba wanda ya lura da inda aka nuna da inda baburan suka fito, sai Usaini.

A hanyar gida ya matso kusa da kunnen dama na wansa. "Ba wanda zai ji daga bakina, Yaya. Kuskure ne, kowa yana yi."

"Ba kuskure ba ne, Usaini. Ban sani ba, na nuna."

Baraka ta tarbe shi a zaure, ta ga ƙasa a rigarsa da jini a gwiwa. Ta kawo ruwa ta wanke masa, ta ɗiga maganin a idon da ya yi jawur don ƙura. Ya ba ta labarin duka, bai rage komai ba. Ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa.

"Da ranka ka dawo mini daga Kano," ta ce. "Ni shi na roƙa, ban roƙi kunne ba."

Bayan sallar la'asar, kafin mutane su watse, Sammani ya dafa bango ya miƙe a ƙofar masallaci. Ya cire hular, abin da bai taɓa yi a gaban jama'a ba, tabon ya fito fili.

"Jama'a, ku gafarce ni. Yau na ce muku yamma, alhali ban sani ba. Da mutanen daji ne, da ni na kai ku hannunsu. Ina jin ƙara har yanzu, amma ban san inda take fitowa ba, kuma likita ta ce ba zan ƙara sani ba. Kada wanda ya sake dogara da ni."

Malam Jika ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

"Allah ya ƙara sauƙi, Sammani," in ji liman a hankali. "Allah ya sa kaffara ne."

Aka amsa da amin. Sammani ya koma ya zauna a bakin tabarma. Can wani ya yi gyaran murya ya ce to, gobe fa akwai sauran yanka, wa zai riƙa saurara wa mutane? Maganar ta koma ɓangaren hagunsa, inda dattawa suke zaune. Yana ganin leɓunansu suna motsi, ya ga an nuna wani da hannu, ya ga kawuna suna gyaɗawa. Bai ji sunan wanda aka zaɓa ba, bai kuma tambaya ba.