Ƙwayar Sukari a Hannun Likita

A shekarar da yaƙi ya ɓarke a Libiya, asibitocin Alƙahira suka cika da baƙi, har da wani ƙaramin asibiti a Giza inda Juwairiyya, 'yar Gumel, take aikin sanin makama bayan ta gama karatun likita. Kafiya gare ta ta bugawa a jarida. Malamanta ma sun sani, in ta ce a'a, sai dai a nemi wata hanyar.

Cikin baƙin akwai Hajj Hamad, ɗan Libiya, tsoho tukuf, wanda ciwon sukari ya ci wa ƙafa. Ɗansa Hasan ne ya kawo shi a mota. Tsohon ba ya magana da likitoci. Da ya hango farar riga sai ya juya fuska bango, kowa kuwa ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Wata rana da hantsi Mahasin, nas 'yar Sudan, ta ƙwala kira. Sukarin jininsa ya faɗi warwas, gumi na tsiyaya, hannu na karkarwa. In bai sami zaƙi nan take ba suma zai yi, mai shekarunsa kuwa ba lallai ya farfaɗo ba. Juwairiyya ta yi abin da kowane likita zai yi. Ta wawuro ƙwayar sukari daga farantin shayi, ta miƙa masa a tafin hannu tana murmushi.

"Ungo, ya Hajj, tsotsa."

Tsohon da ko kofi ba ya iya ɗagawa ya make hannunta har sukarin ya yi tsalle. Ya ƙanƙame ƙarfen gado yana ihu: "Fatna! Kar ki karɓa!"

"Ƙanwarsa ce, Daktora," in ji Hasan da sauri. "Suna yara sojojin mulkin mallaka na Italiya, 'yan fasist, suka tsare su a sansani cikin hamada. Akwai likitan soja mai farar riga da yake jera yara, ya ba kowa sukari yana murmushi, sannan ya gwada allurarsa a jikinsu. Baba ya tofar ya gudu. Fatna ta karɓa, ba ta ƙara tashi ba. Khalas, zance ya ƙare, babu lokaci! Ni da Mahasin mu danne shi, ki yi masa allura. Yalla, maza!"

Kunya ta rufe Juwairiyya, ba ta kuskurenta kaɗai ba, har da ta farar rigar nan da ta sha baƙar wuya kafin ta saka. Allurar na kan tebur, danne tsoho kuwa ba aiki ba ne. Amma ta san abin da idonsa zai gani: likitan sojan nan ya dawo.

"Babu mai danne shi," ta ce.

"To cire rigar mana," Mahasin ta raɗa mata.

"Ba zan yaudare shi ba. An yaudare shi da ya isa."

Ta san in ya tafi a haka, a wuyanta yake. Sai ta yi abin da aka koya mata a gida tun kafin ta san harafi. Ta durƙusa har ƙasa a gaban gadon, yadda ake durƙusa wa babba, da farar rigarta da komai. Wani likita da yake wucewa ya tsaya baki buɗe. Ta ɗauki wata ƙwayar, ta raba biyu, ta tauna rabi a gabansa. Rabin ta ajiye a bakin zanin gado, ta mai da hannayenta baya.

"Baba, ni likita ce, ba zan ɓoye maka ba. Jikinka yana neman wannan. Amma jikin naka ne, ba zan taɓa ka ba sai ka ce."

Tsohon ya dube ta, ya dubi sukarin. Leɓɓansa sun fara fari.

"Tunda nake," ya ce da ƙyar, "ban taɓa ganin likita a ƙasa da ni ba."

Yatsunsa suka rarrafa kan zanin, suka ɗauka, ya kai baki. Mahasin ta turo farantin kusa, ya ƙara da kansa.

Da gumin ya tsaya, ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa mata damtse don ta yi masa allurar, babu wanda ya roƙe shi. Hasan ya juya baya yana share ido.

"Tashi, 'yata, kar ki ɓata rigarki," in ji tsohon. "Ina ma ke Fatna ta samu."

Juwairiyya ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta gyara wuyan rigarta. Tun ranar da ta fara saka ta, ba ta taɓa jin ta yi mata daidai kamar yau ba.