Jan Tsingaro a Ƙasar Togo

Malam Armaya'u mutumin Safana ne, aiki ya kai shi wani ɗan ƙauye a gefen Ruma, a shekarun nan da manomi ke riƙe da fartanya kunnensa yana daji. Labarin ƙasa yake koyarwa. Makarantar kuwa sai dai suna. 'Yan bindiga sun ƙone aji biyu, sun ɓalle kwanon rufin na uku, taswirar da ke bango ta bi wuta. Shi ya sa ya koma gindin wata tsamiya a bakin gari, ya share fili, ya riƙa gina wa yara ƙasashe da hannunsa, da laka da tsakuwa da duk abin da ya samu.

A makon da abin ya faru, kan Togo aka zo. Ya gina ta doguwa siririya kamar zirin gonar gado. Ya zuba toka a kudu, ya ce teku ke nan. Ya jera duwatsu a karkace suka ratsa ta, ya ja layi da yatsa ya ce kogin Mono ne. A bakin tokar ya kafa wata tsohuwar ƙusa, wai Lome, inda shugaban ƙasar yake da majalisarsa, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Ya ajiye ɗan ƙullin auduga a arewa, ya nuna musu inda ake noman koko da kofi, da inda ake haƙo dutsen da ake takin zamani da shi.

To ita tsamiyar nan da mai ita. Baba Ɗanmalam, wani tsoho mai tufkar igiya, shekara da shekaru nan yake zama. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin albasa, ya yi shekara goma sha ɗaya a Togo, don haka bai bar Malam ya sha ruwa ba. Yana tufka yana tsokana, wai mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Zobe ba shi ne zai koya wa 'ya'yan mutane teku, tekun ma na toka. Malam ya ce ai shi ma Baba in da tekun ta yi masa daɗi da bai dawo yana tufka wa jakuna igiya ba. Yara su yi ta dariya. Amma Malam ya lura, in an tashi, tsohon yakan tsaya a kan taswirar lakar nan ya daɗe yana kallonta.

Ranar Laraba da hantsi Malam ya iso ya tarar da wani jan tsingaro, ɓarin fasasshiyar tukunya, an kafa shi a tsaye a tsakiyar ƙasar, gefen duwatsun. Ya ɗauka wasan yara ne. Ya ce bari ya cire, sai wata yarinya ta yi masa tambaya, ya manta. Baba kuwa ya shiga gida ɗauko kaba.

Nan fa sai na koma da ku baya kaɗan. Kwana goma kafin nan, jirgin soja ya yi luguden wuta a wani sansani cikin daji, ya kashe mutane da dama, har da ƙanin wani shugaban 'yan bindiga da ake kira Sada. Tun ranar Sada yake bin ƙauyuka yana neman wanda ya nuna wurin.

To a wannan Larabar, ƙarar baburan su Sada ta riga su isowa. Malam ya ce wa yara su faɗa cikin dawa, kada wanda ya waiwayo. Shi kuwa ya tsaya, don ya san in ya bi su, bayansu za a bi. Babura sun kai ashirin, uku-uku a kai. Suka harbe wani mutum da ya fito da garma a kafaɗa tun bai buɗe baki ba. Suka shiga gida-gida da duka, suka koro maza da mata zuwa gindin tsamiyar, aka zaunar da su a rana.

Sada ya sauko, siriri ne, rawani ya rufe masa rabin fuska. Yana cikin zagi sai idonsa ya faɗa kan taswirar. Ya matsa kusa. Ya tsuguna, ya kira mutum biyu daga cikin yaransa, suka yi ta nune-nune. Su dai abin da suka gani dajinsu ne. Ga jerin duwatsunsu, ga rafin da suke shayar da shanu, ga ƙusa a inda sojoji suke da shinge. Jan tsingaron nan kuwa, daidai inda wuta ta sauka yake tsaye.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Malam ya ce shi ne. Gindin bindiga ya same shi a baki, ya tofar da haƙori biyu. Da jini a haɓarsa ya yi rantsuwa cewa wannan ba dajin nan ba ne, wata ƙasa ce can bakin teku, karatu ne na yara. Sada ya ce to ya karanta masa. Ya riƙa ɗora bakin bindiga a kan abu ɗaya bayan ɗaya, Malam yana amsawa a durƙushe. Ƙusa, babban birni. Layi, kogi. Toka, ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Da ya ce faɗin ƙasar a bakin teku bai wuce daga Batsari zuwa Katsina ba, sai yaran Sada suka fashe da dariya, wani ya ce wannan ai ko hakimi ya fi ƙarfinta, ina ƙasa a nan. Sada bai yi dariya ba. Ya matsar da bakin bindigar kan tsingaron.

"Wanga fa?"

Malam ya duba. Ya nemi gari a kansa, ya nemi dutse, ya nemi ma'adini, duk abin da littafi ya ce yana wurin, amma tsoro ya share masa kai fes. Gaskiya ce ta fito, ya ce bai sani ba, ba shi ya sa ba.

Wannan amsar ce ta ƙarasa shi. Sada ya sa aka danne masa hannun dama a kan saiwar tsamiya, ya ce hannun da ya zana shi zai fara biya. Sau uku aka sauke gindin bindiga. Mata suka rufe fuska. Sannan ya ba da umarni a zuƙo fetur daga babura a yayyafa wa rumbuna da dannin ɗakuna, ya ce garin da ya sayar da ƙaninsa yau ba zai kwana ba, kuma ba wanda zai tashi daga inda yake zaune. Malam yana kwance yana jin warin fetur, yana tunanin yaran da ke cikin dawa, dab da rumbunan.

Sai ga Baba Ɗanmalam ya ratso mutane, kabarsa a hammata, yana tafiyarsa ta kullum. Tun da aka fara yana bayan dangar gidansa, ba wanda ya gan shi, da ya so da ya zauna. Ya zo har gaban Sada, wanda ƙafarsa ke kan taswirar.

"Ɗan nan, ɗaga ƙafarka. Kabarin matata kake takawa."

Tsohon ya ajiye kabar, ya nuna tsingaron, ya ce sunan garin da ke wurin Sokode, garin Musulmi ne, Kotokoli ake ce wa mutanensa. A nan matarsa Hansai ta rasu wajen haihuwa, shekara arba'in ke nan, su suka yi mata sutura suka binne ta, shi kuwa bai sake komawa ba, ƙafa ta ƙi, hali ya ƙi. Da ya ga an gina masa ƙasar a gabansa, sai ya kasa haƙuri. Yau bayan sallar asuba ya zo ya auna da taƙi daga teku, ya kafa mata tsingaro yadda ake kafa wa kowane kabari, ya yi mata addu'a. Ya ce shi ke nan abin da ke wurin.

Sada ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaga ƙafar kuwa, Malam ya gani da idonsa. Har ya tambayi tsohon, a hankali, ko da gaske akwai ruwan da ba shi da ƙetare. Baba ya ce akwai, ya tsaya a bakinsa, ya ɗanɗana, gishiri ne. Amma yaran Sada suna tsaye suna kallo, kuma a gabansu ya rantse ba zai koma daji ba sai da jinin wanda ya sa alama.

"Kai ka kafa shi, tsoho?"

"Ni na kafa. Malam bai sani ba. Garin nan kaf ba wanda ya sani."

"To kai kaɗai ne."

Harbi ɗaya ya yi. Baba ya faɗi a kan tokar, hularsa ta gangara gefe. Ba a ƙyasta ashana ba. Suka kora shanun garin, suka bi ta kan taswirar da babura, suka shige daji.

Kafin azahar aka yi jana'izar mutum biyu. Yaran duk sun fito daga dawa, ba wanda ya ɓace, mata suna ta wanke rumbuna da ƙasa da ruwa. Malam Armaya'u ya ƙi yarda a ɗora shi a babur zuwa wurin mai ɗori sai an gama. Ya koma gindin tsamiya, ya tona cikin sawun tayoyi da hannun hagu har ya samo tsingaron, gefensa ɗaya ya ɓare. Da aka gama mayar da ƙasa a kan Baba Ɗanmalam, ya durƙusa ya kafa shi a wajen kai, ya danna shi sosai don kada ruwan sama ya tuge shi.