Takin da Ya Ƙona Tumatirin Baba Direba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan bas kafin kamfani ya sallame shi. Likitan kamfanin ya ce idonsa ya yi rauni, shi kuwa ya ce na'urar likitan ce ta tsufa. Gilashin da aka rubuta masa yana cikin durowa, ko kwalinsa bai buɗe ba.

Zama bai karɓe shi ba. Wata biyu da dawowarsa gida ya yanka jarkoki goma sha biyu, ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa, ya jera a bayan kicin inda rana ke sauka da hantsi. Takwas tumatir, huɗu tattasai. Kowace safiya yakan zagaya su hannu a baya, kamar yadda ya saba zagaya mota kafin ya tada ta.

A mako na biyar ganyen ƙasa-ƙasa ya fara yin rawaya. Maƙwabcinsa kafinta ya leƙo ta katanga ya ce kashin kaji za a zuba. Matar Baba Direba ta ce ba dai a ƙarƙashin tagar kicin ɗinta ba.

"Shi ke nan, na shago zan sayo," in ji shi.

Shagon iri da taki ɗan ƙarami ne, ledoji jere a kanta har sama, kowace da lambobi uku a gabanta. Mai shagon, wata mace mai fara'a, tana auna wa wani iri, ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Me aka shuka?"

"Yi aikinki, 'yata, na san abin da nake nema."

Bai sani ba. Ya ɗauki ledar da koren ganyen jikinta ya fi girma. A gida ya juya bayanta, ya ga rubutu kamar jerin tururuwa, ya miƙa hannu nesa, ya matso da ita kusa, ya haƙura. Ya dumbuzi farin takin ya zuba wa kowace shuka cikin tafi guda, daidai gindinta.

Kwana uku ganye ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone kamar an bi shi da ashana. Matarsa ta tsaya a taga ta duba, ta ce, "Malam, kamar dai da can sun fi lafiya."

Ya rungumi jarka ɗaya ya koma shagon, ya dire ta a kan kanta.

"Kayanki ba su da kyau."

Mai shagon ta tona ƙasar da yatsa, ta fito da ƙwayoyin takin da ba su narke ba. "Nawa aka zuba?"

Ya nuna mata tafinsa. Ta ɗauko irin ledar ta karanta masa: ƙaramin cokali ɗaya, a narka a bokitin ruwa.

Ya dubi tafinsa. Can ya ce, "Rubutun nasu ne ya cika ƙanƙanta."

"Ya cika, Baba," in ji ta.

Ta nuna masa lambobin. Ta farko abincin ganye ce, ta biyu ta saiwa da fure, ta uku ta 'ya'ya. Wanda ya saya na ganye ne zalla. Ko bai ƙona su ba, da ya samu daji kore shar ba tumatir ko ɗaya. Ta ba shi wani mai lambobi uku daidai wa daida, ta yago kwali ta rubuta awon da alli, manyan baƙaƙe.

"Ku kwashe ƙasar saman, ku yi ta kwara ruwa har ya zubo ta ƙasa. Sati biyu kada a ba su komai."

Haka ya yi. Tattasan duka suka mutu, da tumatir uku. Ranar da zai fara sa sabon takin ya tarar da gilashinsa a kan ledar, an goge shi. Bai tambayi wanda ya ajiye ba, ya san aikin matarsa ne. Ya saka, ya karanta bayan ledar tas, har adireshin masana'anta. Da ya gama ya cire ya sa a aljihu kafin ya fito tsakar gida.

Biyar ɗin da suka rage suka yi fure, suka yi 'ya'ya, ba manya ba. Tsinkar farko ta cika ƙaramin kwano. Matarsa ta yanka ɗaya ta ce ɓawon ya yi kauri, amma akwai ruwa. Ya ce ta ware masa biyu mafi ja, zai shanya irinsu.