Zuma a Kan Allo

Wata goma Ilham ta yi a Maroko tana horon malanta, kuma ranar da ta sauka a gidansu na Mirriya kowa ya yi guɗa ban da mutum ɗaya. Maryama, 'yarta mai shekara shida, ta laɓe bayan zanin kakarta Hajjo, ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Sannu da zuwa, Madam."

Madam fa! Matan gida suka tuntsire da dariya, Ilham ma ta taya su, amma a ranta sai da ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ga shi 'yar fari ce, ba dama ta jawo ta ta rungume a gaban mutane, a ce ba ta da kunya. Ta miƙa mata takalmin tsaraba. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta kai wa Hajjo ajiya.

Sati biyu ana haka. Ranar buɗe lakwal, wato makarantar boko, ta matso, ya kamata Ilham ta koma Damagaram inda take koyarwa, ta sa yarinyar a ajin farko. Maryama kuwa ko an ambaci lakwal sai ta fashe da kuka.

"Inna, me aka yi mata ne?" in ji Ilham.

Hajjo ta ci gaba da tsince wake, da kyar ta ɗago. "Bakina ne, ba kowa ba. Kullum sai ta tambaye ni ina kike, ni kuma in ce karatu ya ɗauke ki. To ta riƙe. In ba za ta bi ki ba, ki bar mini ita, ai ba ta yi mini nauyi ba."

Maganar nan ta yi wa Ilham zafi, don ta san in ta tafi ta bar ta a wannan karon, shi ke nan, ta zama baƙuwa har abada.

Sai ta tuna da Simha, wadda suka zauna ɗaki ɗaya a Maroko. Bayahudiya ce, mutanensu suka turo ta daga Faransa ta koyi yadda ake karantar da yaransu harshensu da addininsu. A karatu, darasin dabarun koyarwa kaɗai ya haɗa su, amma Simha akwai surutu, ba a yi wata ɗaya ba sai da kowacce ta san tarihin dangin 'yar'uwarta. Ita ta gaya mata cewa a wurinsu, ranar da yaro zai fara karatu, ana ɗiga zuma a kan haruffa ya lasa, don abin ya fara shiga ta baki da daɗi.

Ranar kasuwa Ilham ta sayo zuma da sabon allon katako. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta tsoma tsinke ta zana haruffa uku manya.

"Ikon Allah," in ji Hajjo. "Rubutun sha dai na sani, na lasa kuwa yau na fara gani. Za ki tara mana kiyashin garin nan kaf."

Ilham ba ta kira yarinyar ba. Ta dangwali harafin farko ta kai baki, ta lumshe ido ta ce, "A." Daga nesa Maryama tana kallo. Ta matso taku biyu, ta tsaya, ta sake matsowa har ta durƙusa a bakin tabarma.

"Karatu ne?"

"Karatu ne."

"To ba na so."

Amma idonta na kan allon. Can dai yatsa ya fi ƙarfinta, ta dangwala ta lasa, ta yi saurin ɓoye hannun a bayanta.

"Shi ne ya ɗauke ki?"

"Ba wanda ya ɗauke ni," in ji Ilham. "Ni na tafi da ƙafata. Kuma ba ranar da ban yi kewarki ba."

Ba ta taɓa faɗin irin wannan a gaban mahaifiyarta ba. Hajjo ta tashi da farantin wakenta, wai ta ji akuya ta shiga madafa, alhali akuyar na ɗaure.

Maryama ta lashe harafi na biyu tas, har da sa harshe a katakon. Da ta zo kan na uku sai ta tsaya. Ta ɗauko ƙwarya ta kife a kansa, ta danne da hannu biyu.

"Ba za ki ƙarasa ba?"

"Na gobe ne." Ta ɗago ta dube ta sosai, karo na farko tun dawowarta. "Gobe kina nan?"

"Ina nan."

"Jibi fa?"

Ilham ta gyaɗa kai. Sai yarinyar ta rarrafo ta zauna a cinyarta, ta goge yatsunta masu danƙo a sabon zanin uwar.

"To ki riƙa rubuta ɗaya-ɗaya," ta ce, "kada su yi saurin ƙarewa."