Layin da Aka Tsallake

A kamfanin sufurin, Injiniya ake ce masa, rabi girmamawa rabi zolaya. Tun da ya kama aiki yake yaƙi da kalmar "ba komai". Fanka ta mutu, ba komai. Takarda ta ɓace, ba komai. Ya sha faɗa wa ma'aikatan ido da ido cewa wannan kalma ce ta durƙusar da wurin.

Da za a karrama direbobin da suka yi ritaya, shi ya hana a zauna buga takardun yabo ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi fayil ɗin sunayen, ya rubuta ɗan shiri a kwamfuta wanda zai bi layi-layi, ya raba sunan mutum da na mahaifinsa, ya jera su a kan takarda. Layin da bai zo da suna biyu ba kuwa, ya ce a tsallake, don a ganinsa shara ce. Da aiki ya kammala, allon ya nuna an tsallake layi ɗaya. Yana sauri. Ya ce a ransa ba komai, ya rufe.

Ran taro kawunsa ya zo cikin sabuwar riga, da matarsa da jikoki. Shi ne direba mafi daɗewa, shi ne kuma ya riƙi Injiniya tun rasuwar mahaifinsa. Tun daga ƙofa yake cika wa abokansa baki, wai yau na'urar ɗansa ce ta rubuta sunansa, kowa ya kama kansa.

Manaja ya fara kira. Duk wanda aka kira, Kawu ya tafa masa, ya gyara zama. Har takardu suka ƙare.

Injiniya ya tuna da layin nan da aka tsallake. Ya buɗe kwamfutar a cinyarsa, ya gani: zamanin da aka ɗauki Kawu aiki, suna ɗaya tak aka rubuta masa.

"Kaka, kai ba ka ci ba ne?" in ji ƙaramar jikar, har na baya suka ji.

Manaja ya ce ba komai, gobe a buga a aika masa gida. Abokai ma suka ce ba komai. Injiniya ya miƙe, ya ɗauki makirufo. An riga an fara naɗe kujeru. Ya ce laifin nasa ne, ya kira sunan kawunsa da na mahaifin kawun, a cike. Mutum biyu suka tafa.

Kawu ya tako a hankali, ya karɓi makirufon, ya ajiye a kan tebur.

"Ya isa haka, ɗana. Ɗazu ba kowa ya lura ba."

Ya kama hannun jikarsa suka nufi ƙofa.